Addu'a marar lokaci: sharhi kan harshen littattafan ibadar kullum na Kiristocin ƙasar Hausa

1. Gabatarwa

A cikin rubuce-rubucen Hausa na boko akwai wani rukuni da masu nazarin harshe ba su cika waiwaya ba, wato ƙananan littattafan da Kiristoci ke karantawa kowace rana domin ibadarsu ta ƙashin kansu. Tsarinsu sananne ne: kowace rana da shafinta, a sama kwanan wata, sai aya ko ƴan ayoyi daga Littafi Mai Tsarki, sai ɗan bayani, sai gajeriyar addu'a a ƙasa. Manufarsu ita ce mai karatu ya saba da keɓe wani lokaci kullum, shi kaɗai, ya yi karatu, ya yi tunani, ya yi addu'a, har abin ya zama masa jiki.

A wannan maƙala za mu duba harshen waɗannan littattafai, mu ga ko yana taimaka wa manufar da aka sa gaba. Abin da muke son nunawa shi ne, littattafan suna neman gina ɗabi'a mai lokaci da kalmar da ba ta da lokaci, suna kuma magana da mutum ɗaya, namiji, mai karatun boko, mai ɗaki nasa, alhali jama'ar da ake rubuta wa ba haka take ba. Sharhinmu na harshe ne. Ba mu shiga batun aƙida ba, kuma dukkan jumlolin da muka ba lamba a ƙasa namu ne, mun gina su ne domin gwaji, kamar yadda aka saba a nazarin ginin jumla.

Batun yana da nauyi ga waɗanda abin ya shafa. Bisa ƙidayar 2012, Kiristocin Nijar ba su kai kashi 1 cikin 100 na al'umma ba. Da yawansu suna zaune nesa da majami'a, wasu kuma su kaɗai ne a danginsu. A watan Janairu na 2015 an ƙone majami'u a Damagaram da Yamai. Ga jama'a irin wannan, ibadar da mutum zai iya riƙewa a gidansa, da harshensa, ita ce abin da ke saura idan taro ya gagara.

2. Inda tsarin ya fito

Shafi ɗaya ga kowace rana tsari ne da aka haifa a Turai. ƴan ɗariƙar Morabiya na Herrnhut, a Jamus, sun fara buga littafin ayar kowace rana a 1731, kuma har yau ana buga shi duk shekara. A Ingila, ƙungiyar Scripture Union, wadda masu Faransanci suka sani da sunan Ligue pour la lecture de la Bible, ta fara raba katin karatun kullum a 1879. A Amurka, ɗan littafin Our Daily Bread ya fara fita a 1956. Abin da Ingilishi ke kira quiet time, Faransanci kuma culte personnel, a cikin wannan tarihi ya girma: birane masu agogo, makarantu, gidaje masu ɗakuna da yawa, da takarda mai araha.

Mishan ɗin SIM, wadda aka kafa a 1893, ta iso Damagaram a 1924, ta zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. Daga aikinta ne Ikilisiyar EERN ta fito a Nijar, kamar yadda ECWA ta fito a Nijeriya a 1954. Barbara Cooper ta ba da wannan tarihi dalla-dalla a littafinta na 2006 kan Kiristocin Maraɗi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne hanyar da littattafai suka biyo: yawancin abin da Kiristan Maraɗi ko na Tawa ya karanta da Hausa daga kudu ya zo, daga maɗaba'un Nijeriya, musamman na Jos, kuma kaso mai yawa fassara ne daga Ingilishi. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, sabuwar fassara kuma wajen 1980, dukansu da daidaitacciyar Hausa mai tushe a Kano. Ke nan mai karatu na Gobir ko na Adar yana karɓar saƙon bayan ya tsallake kan iyaka biyu, ta harshe da ta karin harshe.

3. Salla, addu'a, roƙo

Inda Faransanci ke da prière, Hausa tana da aƙalla kalmomi uku. Biyu daga Larabci aka aro su: salla daga ṣalāt, addu'a daga ad-du'ā', inda harafin tantancewa na Larabci ya manne wa kalmar, kamar yadda Greenberg ya nuna game da tsofaffin kalmomin aro tun a 1947. Ta uku, roƙo, ƴar gida ce. Bambancinsu yana fitowa sarai idan aka dubi aikatan da kowace ke tafiya da su:

(1) a. Lokacin salla ya yi.
b. An kira salla.
c. Salla ta kuɓuce masa.
d. Ya rama sallar jiya.

(2) a. Ya yi mini addu'a.
b. Allah ya karɓi addu'arta.
c. An shafa addu'a.
d. ? Addu'a ta kuɓuce masa.
e. ? Ya rama addu'ar jiya.

Jumlolin (2d) da (2e) ba su karya nahawu ba, amma kunnen Bahaushe ba ya sakewa da su. Dalili kuwa shi ne, salla tana ɗauke da lokaci a cikin ma'anarta: tana shiga, tana fita, ana makara, ana ramawa. Addu'a tana ɗauke da buƙata da amsa: ana yin ta domin wani abu ko domin wani, ana jiran a karɓa. Mutum yana yin ta sa'ad da buƙata ta taso, a kasuwa ko a kan jaki.

Kiristocin ƙasar Hausa addu'a suka ɗauka. Sun ɗauki Allah, Ubangiji, Ruhu, ibada, sujada, alheri, zunubi, tuba, amma sun bar salla. Wannan zaɓi ba dole ba ne ga kowane harshe da ya yi aro daga Larabci. Kiristocin Masar da Lubnan ṣalāt suke cewa, kuma masu Swahili suna kiran Addu'ar Ubangiji da kalmar sala. Amma a ƙasar Hausa akwai dalilai masu ƙarfi. Na farko, salla a Hausa tana da ma'ana ta fiƙihu: alwala, alƙibla, raka'a, sallama. Kiristan da ya ce zai yi salla zai ruɗa maƙwabcinsa, ko ya ɓata masa rai. Na biyu, mishanonin da suka fi aiki a nan ƴan bishara ne, masu ɗari-ɗari da duk wata ibada mai ƙayyadadden tsari. Roƙo kuwa, ko da yake tana nan a cikin fassara, tana jan maroƙi da bara a bayanta, ba ta isa ta zama sunan ibadar gaba ɗaya ba.

Ba mu ce zaɓin kuskure ne ba. Abin da muka ce shi ne yana da farashi, kuma littattafan ibadar kullum ne ke biyansa. Kalma ɗaya, addu'a, an ɗora mata kayan da Helenanci ya raba wa kalmomi da dama. A 1 Timoti 2:1 kaɗai akwai huɗu: deēsis, proseuchē, enteuxis, eucharistia. Faransancin Katolika ya ƙara oraison da recueillement domin addu'ar zuci wadda babu roƙon kome a cikinta. Idan aka ce wa sabon mai bi ya yi addu'a na minti goma sha biyar kowace safiya, abin da kalmar ta gaya masa shi ne ya jera buƙatunsa. Buƙatu kuwa cikin minti biyu sun ƙare. Sauran lokacin ba shi da suna, abin da ba shi da suna kuma da wuya a saba da shi.

Akwai kalmomin da za su iya cika gurbin. Bimbini ta samu shiga harshen majami'a da ma'anar juya magana a zuci, kuma zaɓi ne mai kyau, ko da yake a wajen majami'a tana iya nufin tunanin da ya dami mutum. Natsuwa da tuntuntuni suna nan. Halwa, lazimi da wuridi kuwa, waɗanda suka fi kowace kusa da abin da ake nufi, wato ibadar mutum shi kaɗai, a ƙayyadadden lokaci, kowace rana, na ɗariƙun Sufaye ne, kuma ƙaddarar salla ce ta same su. Abin lura a nan shi ne, Hausa ba ta rasa kalmomin ibadar kullum ba. Suna nan da yawa, sai dai kusan dukansu suna da mai su.

4. Yini da sunayensa

Matsalar ta ƙara fitowa a wajen sunayen lokaci. Bahaushe, ko wane addini yake bi, yana yanka yininsa da kalmomi biyar na aro: asuba, azahar, la'asar, magariba, lisha. Da su ake sa ranar ɗaurin aure, da su ake alkawarin haɗuwa a tasha. Kirista ɗan Tsibiri zai ce wa abokinsa su haɗu bayan la'asar ba tare da ya ji ya taɓa aƙidarsa ba. Waɗannan kalmomi sun daɗe da zama agogon kowa.

Mai fassara daga Ingilishi ko Faransanci kuwa abin da ke gabansa shi ne safe, ko wani adadi na agogo. Sai ya rubuta:

(3) a. Ka tashi da ƙarfe biyar na safe.
b. Ka keɓe minti goma sha biyar.

maimakon:

(4) a. A tashi da asuba, kafin gida ya motsa.
b. A yi bayan magariba, kafin a zuba tuwo.

Jumlolin (3) suna dogara da na'ura. Jumlolin (4) suna dogara da abin da ke faruwa a gidan ko da agogo ko babu. Duk wanda ya yi renon yaro ya san cewa ɗabi'a tana kamawa ne idan an ɗaure ta a jikin wata ɗabi'a da ta riga ta zauna: wanke hannu a jikin cin abinci, gaisuwa a jikin shiga zaure. Ƙarfe biyar ba a ɗaure yake da kome ba a gidan manomi. Asuba kuwa tana da kukan zakara, tana da sanyinta, tana da kiran ladan da kowa ke ji.

Wani zai ce guje wa waɗannan kalmomi kiyaye iyaka ne tsakanin addinai biyu. Amsarmu ita ce, addu'a mai lokaci tsohuwa ce a gidan Kiristanci kansa. Sura ta 6 ta littafin Daniyel ta nuna shi yana durƙusawa sau uku a yini. Zabura ta 55 ta ambaci maraice da safe da tsakar rana. A Ayyukan Manzanni 3:1 Bitrus da Yohanna sun tafi Haikali a sa'a ta tara, wato wajen ƙarfe uku na yamma, domin lokacin addu'a ne. Markus 1:35 ya nuna Yesu yana fita tun da sauran duhu. Littafin Didake, na farkon zamanin Ikilisiya, ya umurci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji sau uku a yini. Ƙa'idar Benedikti ta ƙarni na 6 ta tsara lokuta bakwai da rana da ɗaya da dare, kuma Katolika har yau suna da addu'ar Angelus safe da tsakar rana da yamma. Saboda haka marubucin da ya ba addu'a lokaci bai ari kome daga maƙwabci ba. Wanda ma ba ya son kalmomin aro yana da jijjifi, sassafe, hantsi, tsakar rana, maraice, faɗuwar rana. Abin da ke da illa shi ne a bar mai karatu da kullum kawai, domin kullum ba ta gaya wa kowa yaushe ba.

5. Nahawun sabo

Hausa tana da lokaci na musamman domin al'ada, wanda masu nahawu ke kira sabau, mai alamar kan. Mai fassara da ya ga aikatau na al'ada a Faransanci ko Ingilishi yana saurin kai hannu gare shi. Amma a kwatanta:

(5) a. Nakan yi addu'a da safe.
b. Ina yin addu'a kowace safiya.
c. Ba na fashin addu'ar safe.
d. Na saba da addu'ar safe.

Jumla (5a) tana barin ƙofa a buɗe: abin yana faruwa, amma wani lokaci ba ya faruwa. Shi ya sa nakan ke zama lafiya da wani lokaci ko jefi-jefi. Al'adar da ba ta yankewa, lokaci mai ci ne ke ɗaukar ta, kamar a (5b), ko kuma korewa, kamar a (5c), wadda ita ce ta fi kowace ƙarfi a bakin Bahaushe. Kalmar fashi tana yi wa addu'a abin da rama ke yi wa salla: tana mai da ita abin da ake jira kowace rana, wanda rashinsa yake da suna. Marubucin da ke son gina ɗabi'a ya fi buƙatar fashi da saba a kan kan.

Ita ma kalmar sabo tana da fuska biyu. Karin magana ya ce sabo turken wawa, wato abin da aka saba da shi yana iya ɗaure mutum ba tare da ya sani ba. Wannan shi ne ainihin abin da masu wa'azin bishara ke tsoro, ibadar baki wadda zuciya ba ta ciki. Amma Hausa tana da wata hanyar kallon maimaici, wadda ke cikin yau da gobe, da kuma sannu ba ta hana zuwa. Littafin da ya yi wa mai karatu alkawarin jin daɗi a kowace safiya ya shirya shi ga yanke ƙauna a safiyar da bai ji kome ba. Wanda ya yi magana da harshen noma, shuka da noman farko da maimai da jiran damina, ya fi kusa da yadda ɗabi'a ke kafuwa, ya kuma fi kusa da rayuwar masu karatunsa.

A nan ya kamata mu tsaya kan wani abu na rubutu. Ƙa'idar rubutun boko ba ta nuna karin sauti da tsawon wasali, don haka sabo na sabawa da sabo kishiyar tsoho kamanninsu ɗaya a takarda. Wannan mai sauƙi ne, jumla tana warwarewa. Amma idan injin bugu ko wayar salula ba ta da haruffa masu lanƙwasa, sai saɓo ya faɗo cikinsu. Littafin da batunsa shi ne sabo da Allah, idan aka buga shi ba ƙugiya, ya rasa abin da ke raba babbar manufarsa da babban abin da yake gargaɗi a kai. Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar, wadda aka tabbatar da ita a hukumance a 1999, ta tanadi ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Yanzu da saƙon ibadar safe yake yawo ta WhatsApp, wannan ƙugiya ta ƙara daraja.

6. Wa ake yi wa magana?

You na Ingilishi ba ya nuna jinsi ko adadi. Tu na Faransanci yana nuna adadi, ba ya nuna jinsi. Hausa kuwa ba ta barin mai rubutu ya ɓuya: sai ya zaɓi ka, ko ki, ko ku, ko mu, ko a. Rubutun koyarwa na Hausa, na addini da na asibiti da na aikin gona, ya saba da ka, kuma fassarar littattafan ibada ta bi wannan hanya.

(6) a. Ka buɗe Littafinka, ka natsu a gaban Ubangijinka.
b. Ki buɗe Littafinki, ki natsu a gaban Ubangijinki.
c. Mu buɗe Littafi, mu natsu a gaban Ubangiji.

Ana iya cewa ka a nan na kowa ne, kamar a karin magana. Gaskiya ne a karin magana. Amma wannan nau'in rubutu dukkan ƙarfinsa yana cikin sa mai karatu ya ji da shi ake, shi da kansa, yau. Mace da ke karanta (6a) sau 365 a shekara tana yin ƙaramar fassara a kowace jumla kafin maganar ta iso gare ta. Duk wanda ya san majami'un Maraɗi ko na Jos ya san matsayin Zumuntar Mata a cikinsu, ya kuma san cewa a gida uwa ce ke koya wa yaro addu'arsa ta farko. Jumla (6c) ba ta fitar da kowa, tana kuma da wani amfani da za mu gani yanzu.

Addu'ar Bahaushe ta yau da kullum ba ta fuskantar Allah kai tsaye da ka. Tana bi ta mutum na uku, a lokaci umurtau, tana kuma jiran amsa:

(7) A: Allah ya tashe mu lafiya. (Gobir da Adar: Allah shi tashe mu lahiya.)
B: Amin.

Daga barka da asuba zuwa sai da safe, yinin Bahaushe cike yake da irin waɗannan: Allah ya kiyaye hanya, Allah ya ba da sa'a, Allah ya ƙara sauƙi, Allah ya raya. Musulmi da Kirista duk suna yin su, suna kuma yi wa juna. Siffarsu ta mutum biyu ce, ɗaya ya faɗa, ɗaya ya ce amin. Wato harshen ya riga ya mallaki addu'ar kullum mai lokaci, wadda ba a fashinta, sai dai tana zaune ne a cikin gaisuwa. Littattafan da muke magana a kansu ba su cika gina kome a kan wannan taska ba, domin asalin da aka fassara daga gare shi bai san ta ba. Suna kai mai karatu kai tsaye ga ya Ubangiji, ka, shi kaɗai, ba mai ce masa amin. Wannan siffa tana da gurbinta, ita ce ta Zabura, kuma ita ce inda ake son a kai. Amma tsani yana farawa ne daga ƙasa. Shafin da zai rufe da layi ɗaya mai siffar (7), wanda miji zai faɗa wa mata ko uwa ta faɗa wa ɗa, ya sa wa ibadar mai tuni a cikin gida, ya kuma sa fashinta ya zama abin da wani zai lura da shi.

7. Ɗaki da takarda

Ayar da aka fi kafa hujja da ita domin ibadar kaɗaici ita ce Matiyu 6:6, inda aka umurci mai addu'a ya shiga wuri na ciki ya rufe ƙofa. Kalmar Helenanci ita ce tameion, wadda asalinta ɗakin ajiya ne, wurin da ake sa hatsi da kaya. Ayar da ke gabanta tana zargin masu addu'a a kan hanya domin a gan su. Batun ke nan riya ne. Ɗaki misali ne kawai na inda ido ba ya kaiwa.

A gidan Bahaushe na karkara, ɗakin mace nata ne da ƴaƴanta, samari suna kwana tare, rayuwa kuma a tsakar gida take. Wanda ya shiga ɗaki da rana ya rufe ƙofa, za a zo a tambaye shi ko lafiya. Rufe ƙofar da aka so ya ɓoye ibada sai ya zama shi ne ke tallata ta. Idan kuma mutum shi kaɗai ne Kirista a gidan, abin ya wuce tambaya. Wuraren kaɗaici na gaskiya wasu ne: hanyar gona, gindin rumbu, kiwo, hanyar rijiya, madafa kafin gari ya waye. Duk waɗannan wurare ne da hannu ke cikin aiki, ba a riƙe littafi.

Wannan ya kai mu ga zato na ƙarshe, cewa mai ibada mai karatun boko ne. A Nijar, inda makaranta ta daɗe tana koyarwa da Faransanci, ana samun wanda ya yi shekaru a aji amma karatun Hausa yana yi masa nauyi, ana samun wanda ajami kaɗai ya iya, ana kuma samun da yawa, musamman mata a karkara, da ba su karanta ko ɗaya. Shafi mai dogayen jumloli da aka gina a kan tsarin Ingilishi, da kalmomin Kano da ba a ji a Adar, yana zama na fasto da malamin makaranta. Al'adar ƙasar kuwa hadda ce da waƙa. Aya ɗaya gajeriya da aka ji da asuba, aka riƙe ta a ka, aka yi ta juya ta a bakin turmi, ita ce bimbini a ma'anarta ta asali. Ma'aunin da muke ba da shawara a auna kowane shafi da shi shi ne: idan yaro ɗan makaranta ya karanta wa kakarsa shi sau ɗaya da murya, me za ta tafi da shi gona?

8. Kammalawa

Adalci ne mu faɗi inda wannan nau'in rubutu ya dace. Ya sa Hausar boko a hannun mutane kowace rana, abin da jarida ma ba ta cika yi ba a Nijar. Gajartarsa ta dace da mai aiki. Kwatancin abinci da ke cikin sunayen irin waɗannan littattafai, kamar Abincin Yini da ECWA ke bugawa a Jos, ya zauna daram a Hausa, domin abinci shi ne abin da kowa ya yarda ba a fashinsa, kuma yana da lokutansa sanannu. Sai dai kwatancin yana faɗin fiye da abin da aka ɗauka daga gare shi. A ƙasar Hausa ba a cika ci a ɓoye ba. Ana zama a kan akushi ɗaya, kowa kuma da lomarsa.

Abin da sharhinmu ya nuna shi ne, ɗabi'ar da ake so a gina tana buƙatar abubuwa huɗu daga harshe: suna ga sashen ibadar da ba roƙo ba ne, lokaci mai suna a cikin yinin Bahaushe, lamiri da ba ya fitar da mace, da jumlar da kunne zai iya riƙewa. Duk huɗun suna cikin Hausa. Abin da ya hana su shiga shafi shi ne bin sawun asalin da ake fassarawa. Magani kuwa shi ne a rubuta da Hausa tun daga farko, a kuma rubuta a Maraɗi da Tawa da Damagaram da karin harshen masu karatu a kunne.

Ga sashenmu kuma akwai aiki. Kalmomin addini da Musulmi da Kirista suka yi tarayya a kansu, da waɗanda kowane ɓangare ya bar wa ɗan'uwansa, fage ne na nazarin ma'ana da na walwalar harshe wanda ɗalibai masu neman batun kundi za su samu abin yi a cikinsa. Tun da dokar ƙasa ta watan Maris na 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa a Nijar, tambayar yadda harshe ɗaya ke ɗaukar ibada biyu a gari ɗaya ta zama tambaya ta kowa, kuma masu nazarin harshe suna da abin da za su ce a kanta.